Tsohon da Malama Emilia ta Rubuta

A Samaru Kataf, in ka ce Malama Emilia sai a tambaye ka wacce, don su biyu ne. In ka ce mai majigi kuwa, ko ɗan aji ɗaya zai nuna maka gidan. Abin dariyar shi ne, a duk rayuwarta majigi ɗaya tak ta rubuta, bai kai rabin awa ba, kuma a kan takin zamani ne. Sauran shekarunta a aji ta ƙarar da su, tana fama da alli da 'ya'yan mutane. Amma sunan ya riga ya kama ta, ita ma ba ta taɓa cewa a sauke mata shi ba.

A Kafanchan aka haife ta, bayan tashar jirgin ƙasa, inda ubanta yake aikin juya layi. Ta yi makarantar mishan, ta wuce kwalejin horon malamai, ta fito da takardarta. Tun tana can aka gane tana da baiwar shirya wasan kwaikwayo, saboda haka duk inda aka tura ta koyarwa, wasan Kirsimeti da na Ista a kanta suke ƙarewa. Ba rubutawa take yi ba. Sai ta tara matan zumunta na coci ta ce, ke ce Maryamu, ke ce Hirudus, ke kuma jaki, kowa ya san bakinsa. Ita kuma ta tsaya gefe tana bayani da babbar murya: ga shi yanzu Hirudus ya yi fushi, ga shi yanzu zuciyar Maryamu ta tsinke. In Hirudus ta manta da fushin tana dariya, ba komai, Malama ta riga ta faɗa.

Ta auri Silvanus, akawu a tashar Kafanchan, wanda sai Asabar yake zuwa gida. Ita kuma aka ba ta aiki a firamaren Samaru, ta zauna a gidan mahaifinsa, Baba Kambai. Tsoho ne dogo, matarsa ta rasu da daɗewa, manomi na ƙwarai, mai taurin kai irin wanda har a coci ake sa shi cikin addu'a ba tare da an ambaci suna ba. Yarensa da na Emilia ba ɗaya ba ne, da Hausa suke haɗuwa, ita ma Hausar ba su cika ɓata ta a kan juna ba. Suruka ba ta kallon fuskar uban miji. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta zuba masa ruwa ya wanke hannu, ta ajiye tuwo, ta ja da baya. Shekara da shekaru haka suke, har ta haifi Lucy da ƙannenta. In da za a ce ta zana fuskarsa, da ta sha wuya. Hannuwansa da ƙafafunsa kuwa ta san su fiye da nata.

A dogon hutun damina na 1977, wata ƙaramar makarantar koyon aikin majigi a Kaduna ta nemi malamai da ma'aikatan gona su zo kwas na ɗan lokaci, su koyi rubuta wasannin da motar majigi take yawo da su ƙauyuka. Lokacin gwamnati ta tashi haiƙan a kan noma, ko'ina zancen taki ake. Hedimasta ya sa sunan Emilia don ya ga Hirudus ɗinta. Ta durƙusa ta gaya wa Baba Kambai. Ya fito da 'yar kwalbar tabar hancinsa, ya buga ta a gwiwa, ya duba gindinta kamar an rubuta wani abu a wurin, ya ce, "Bari mu gani tukuna." Kowa a gidan ya san ma'anar wannan. Sai da Silvanus ya zo ranar Asabar ya yi ta lallashi, sannan aka bar ta ta tafi.

Mai koyar da su wani siririn Bazazzagi ne, Malam Lawal, mutum mai haƙuri da kowa ban da takarda. Aikin farko da ta miƙa masa shafi huɗu ne. Ya karanta a gaban aji, da murya mai daɗi, wanda ya fi zagi ciwo. Shafi ɗaya da rabi gaisuwa ce: ina kwana, ina gajiya, yaya yara, yaya ruwa, yaya masu jiki. Sauran kuma mai bayani ne yake ta gaya wa jama'a abin da ke cikin zuciyar kowa.

"Malama," in ji shi, "wannan mai bayanin naki, a ina zai tsaya? A cikin kyamara? Majigi ba shi da gefe. Abin da ido bai gani ba, kunne bai ji ba, babu shi. Kin ce tsohon nan yana da taurin kai. Ni ban ga taurin kai ba. Me hannunsa yake yi?"

Ta ji kunya har kunnuwanta suka yi zafi. Mace mai 'ya'ya uku, mai aji guda a hannunta, ana gyara ta gaban samari. Amma da ta koma masauki ta zauna, sai ta ga tambayar ba ta da wuya ko kaɗan. Me hannun mai taurin kai yake yi? Ai ita ce za a tambaya.

Daga ranar abin ya buɗe mata. Ta koyi raba labari fitowa-fitowa, a rubuta a saman kowace ko a gida ne ko a gona, da safe ne ko da yamma. Ta koyi cewa dole wani ya so wani abu, wani kuma ya tare masa hanya, in ba haka ba mutane za su tashi su tafi sayen ƙosai. Ta koyi yanke gaisuwa, ko da yake har ta gama kwas ɗin tana jin rashin tarbiyya ne mutum ya faɗo gidan mutane ya soma magana. Abin da Malam Lawal ya fi nanatawa shi ne, kada marubuci ya sa mutum ya yi abin da ba halinsa ba don kawai ya gaji yana so ya gama.

Aikin ƙarshe, an ce kowa ya rubuta wasa a kan takin zamani, bisa tsarin da ma'aikata take so: manomi mai jin magana ya samu, mai gardama ya rasa. Emilia ta zauna ta rubuta mai gardamar. Ba ta ba shi suna ba, Tsoho kawai ta kira shi. Malamin gona yana masa bayani, Tsoho ya fito da kwalbar taba ya buga a gwiwa ya duba gindinta. Ya tuɓe takalmin ƙafar hagu ya taka shi da ta dama. Ya ɗebi ƙasa ya murza, ya ce farin abin nan gishiri ne, ƙasa kuma ba miya ba ce. Ya ce bari mu gani tukuna. Hannunta gudu yake yi, ba ta taɓa jin daɗin rubutu haka ba. Da ta zo ƙarshe sai ta bi tsarin ma'aikata: gonar Tsoho ta ƙi, rumbunsa ya zama wayam, ya ɗauki ƙwarya ya je ƙofar maƙwabcinsa ya durƙusa yana roƙon hatsi.

Ita a ganinta aikin aji ne, kamar wanda take ba yara, a duba a sa maki a jefa a kwali. Ranar rufe kwas sai Malam Lawal ya miƙe ya ce, cikin duk wasannin, nata aka zaɓa za a ɗauka. Kuma tun da ta siffanta gidan da rumbunan da jar ƙasar kamar mutum yana tsaye a wurin, a garinsu za a ɗauka, in damina ta zagayo. Aka yi ta tafi. Ita kuwa sai ta tuna da ƙwaryar da ta sa a hannun Tsoho.

Wanda bai san wurin ba zai ce mene ne a ciki. A ƙasar nan magidanci yana iya rasa riga, yana iya rasa akuya, a yi masa jaje a wuce. Amma a ce ya ɗauki ƙwarya ya je roƙon hatsi gidan wani, wannan tsirara ce a kasuwa, har jikoki sai an goranta musu. Baba Kambai kuwa rumbunsa bai taɓa yin wayam ba, ko a shekarun fari. Ga shi surukarsa, da hannunta, ta durƙusar da shi a ƙofar wani, za a kuma haska a farin ƙyalle kowa ya gani.

Ta gaya wa Silvanus. Ya yi dariya har da hawaye a kan kwalbar taba da takalmin, yana cewa wallahi Baba ne. Da ta kai ga ƙwaryar, dariyar ta ɗauke. Sai ya ce ƙila gwamnati ta manta. A kan wannan fatan suka rayu har rani ya wuce. Emilia ta rame. Duk sanda ta durƙusa zuba wa tsohon ruwa, sai ta ji kamar ɓarauniya ce a gidan. Ta so ta gaya masa, amma ta ina suruka za ta soma? Gwamnatin da ta shekara uku ba ta tuna da rufin ajinsu ba, wannan karon ba ta manta ba. Dawa ta kai gwiwa ke nan, sai ga mota ta tsaya a ƙofar makaranta, Malam Lawal ya fito da mutanensa da akwatuna.

Wanda zai fito a matsayin Tsoho wani ɗan wasa ne daga Kaduna mai suna Simon, wanda bai kai arba'in ba, aka shafa masa toka a gemu. A filin da ke gaban gidan Baba Kambai aka kafa kyamara, don nan ne rumbuna suka fi kyau. Garin kaf ya fito, har masu burkutu sun rufe. Shi ma tsohon ya sa aka fito masa da kujerarsa gindin mangwaro, ya zauna kamar filin jirgi aka zo buɗewa a gonarsa.

Aka ce a yi shiru. Malamin gona na wasa ya soma bayaninsa. Simon ya sa hannu a aljihu, ya fito da kwalba, ya buga a gwiwa, ya duba gindinta. Wata mata ta toshe baki da gefen zane. Ya tuɓe takalmin hagu ya taka. Kawuna suka soma juyawa wajen mangwaro ɗaya bayan ɗaya. Da ya ce, "Bari mu gani tukuna," filin ya fashe gaba ɗaya, har mai riƙe da sandar ɗaukar murya ya tsorata. Emilia tana bayan rumbu, ta rasa inda za ta sa kanta. Ta roƙi Ubangiji, in akwai sauran wata hanya, ya nuna mata.

Baba Kambai ya bar su suka gama dariyar. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ku yi dariya. A cikin dukan mutanen wasan nan, wannan tsoho shi kaɗai ne ya san abin da yana yi." Ya nuna Simon da sanda. "Kai yaro, faɗa masu kuma. Ƙasa ba miya ba ne!"

Ashe daɗi ya ji. Ya gane kansa tun bugun kwalbar farko, kuma a ganinsa gwamnati ce ta aiko mota tun daga Kaduna don a ɗauki ra'ayinsa a kai wa duniya. Duk yinin ranar yana zaune yana gyaɗa kai, wanda ya zo wucewa ya kira shi ya nuna masa. Da aka tashi har ya aika wa Simon da zakara.

Wannan ya fi komai tsorata Emilia. Da ana zato ne, yanzu shi da bakinsa ya sa hannu, gari ya shaida. Gobe kuma fitowar ƙwarya.

Da la'asar ta sami Malam Lawal a ajin da aka sauke su, yana goge gilashin kyamara. Ta gaishe shi, gaisuwa cikakkiya, ba ta yanke ko ɗaya ba. Sannan ta ce fitowar ƙarshe ba daidai take ba.

"Ma'aikata ta sa hannu a kanta, Malama."

"Na sani, Malam. Amma ku kuka koya mana kada a sa mutum ya yi abin da ba halinsa ba. Kun ga tsohon nan yau da idonku. Wannan zai ɗauki ƙwarya? Sai dai a ɗauki gawarsa. Na gaji ne na rubuta haka, ina so in gama."

Ya ajiye ƙyallen. Ya ce to ya ji, uban mijinta ne, kowa ya gane. Amma shi ba zai koma Kaduna da wasan da mai gardama ya ci nasara ba, korarsa za a yi. "In ba zai roƙa ba, me zai yi? Kada ki gaya mini abin da ke zuciyarsa. Me zan ɗauka?"

Amsar tana bakinta, amma ba tata ba ce. A daminar da ta wuce, bayan dawowarta daga Kaduna da kwana kaɗan, wata safiya tsohon ya shigo daga gona tun kafin kowa ya fita. Ta durƙusa tana zuba masa ruwa, sai ta ga wani farin gari maƙale a tsagar tafin hannunsa da ƙarƙashin farce. Ba toka ba ce, ba garin rogo ba ne. Ta san shi, don an nuna musu shi a buhu a wurin kwas. Ba ta gaya wa ko Silvanus ba. Da kaka kuma ta lura wani lungu na gonar, can wajen rafi, maiwarsa ta fi ta ko'ina kai.

Ta auna abin. In ta faɗa, ta taɓa sirrin tsoho. In ta yi shiru, gobe ya durƙusa gaban gari. Ta ce, "Zai tashi da sassafe. Zai sa takin a gwangwanin madara ya ɓoye cikin riga. Zai je ƙarshen gona inda ba mai gani, ya duba gabas ya duba yamma, ya zuba wa layi biyu ko uku, ya rufe da ƙafa. In ya dawo ya haɗu da malamin gona a hanya, zai ce masa har yanzu bai yarda ba. Da kaka sai ku nuna layukan nan sun fi sauran. Ba sai kowa ya yi magana ba."

Malam Lawal ya daɗe yana kallon rufin ajin da ke yoyo. Ya ce mutane za su yi dariya, kuma duk mai gardamar da ke cikin 'yan kallo zai ga ƙofar da zai bi ba tare da ya ji kunya ba. Ya ƙara da cewa, fitowar da ba magana ta fi sauƙin ɗauka ma. Ya miƙo mata fensir ya ce ta rubuta yanzu, kafin ya sake tunani.

Washegari tun hantsi bai yi ba aka ɗauka, a wata gona bayan makaranta. Mutane sun zo, ko da yake ba kamar jiya ba. Baba Kambai yana cikinsu, ya dogara da sanda. Simon ya taho yana sanɗa, hannu ɗaya dafe da ƙirji inda gwangwanin yake. Ya waiga, ya sake waigawa, ya tsuguna. Jama'a suka yi ta ƙyaƙyatawa, wani yana cewa, "Kai, Malama ta iya ƙarya! Baba Kambai da taki? Sai dai a lahira!" Wani ya ce ai nan ne wasan ya rabu da gaskiya. Emilia ta saci kallon ƙafafun tsohon. Ba su motsa ba. Bai yi dariya ba, kuma kafin a gama ya juya ya tafi gida.

Ta bi bayansa. Ta dama kunu, ta ɗauko buta da ƙwarya, ta same shi zaune a ƙofar ɗakinsa. Ta durƙusa. Ya miƙo hannuwa, ta soma zuba ruwa. Ya wanke a hankali, ya daɗe yana wankewa.

"Maman Lucy."

"Na'am, Baba."

"Wancan na gwangwani. Wa ya faɗa maki?"

"Ba kowa, Baba."

"Silvanus ya sani?"

"Bai sani ba."

Ya yarfe ruwan hannunsa. Ta jira tsawa, ta jira ya ce ta tattara nata ya nata. Sai ta ji wani sauti da ba ta taɓa ji daga gare shi ba, kamar tari kamar shaƙuwa. Tsohon dariya yake yi, a ciki-ciki, kafaɗunsa suna girgiza.

"Yaron Kaduna ya ce mani jiya da dare, da an rubuta zan je roƙon hatsi da ƙwarya. Ya ce ke ne kin hana." Ya goge hannunsa a riga. "Da an yi wancan, da ban sake shiga kasuwa ba."

Hawaye suka zubo mata, ta bar su, don hannuwanta duka biyu suna riƙe da kaya. Nauyin da ta ɗauka tun daga Kaduna ya sauka a lokaci ɗaya, har ta ji yunwa, abin da ta daɗe ba ta ji ba.

"Mutanen gari," in ji shi, "sun ce ƙarya ne kin shirya?"

"Haka suka ce, Baba."

"To." Ya jawo kwanon kunun gabansa. "Ni da ke, mu bar su a haka."